Taga ɗaya, hali uku: abin da ke sauya ɗabi'ar editan rubutu daga kwamfuta zuwa kwamfuta

Buɗe editan rubutu a kwamfuta mai Windows, ka gama aikinka, ka danna alamar rufewa da ke kusurwar dama ta sama. Taga za ta ɓace, manhajar ta bi ta. Yanzu ɗauki Mac, ka buɗe wannan editan dai, sigarsa guda, ka danna jan ɗigon da ke kusurwar hagu. Taga ta tafi, amma sunan editan yana nan daram a saman allo, ɗan ɗigon da ke ƙarƙashin tambarinsa a Dock (jerin tamburan manhajoji da ke ƙasan allo) ma bai gushe ba. Manhajar tana raye, ba ta da taga ko ɗaya, tana jiran ka. Wanda ya saba da Windows zai ce editan ya ƙi rufuwa. Wanda ya tashi da Mac kuwa, in ya koma Windows, zai ce editan yana guduwa tun ba a sallame shi ba.

Duka biyun ba su yi ƙarya ba, kuma editan bai lalace ba. Taga ce ba tasa ba. Editan yana iko da abin da ke cikinta: haruffa, layuka, launuka, inda 'yar manuniya take. Amma iyakarta, wurin zamanta a allo, wacce ke gaba wacce ke baya, da ma'anar rufe ta, duk na babbar manhajar kwamfutar ne. Edita ɗan haya ne a gida uku, wato Windows da Mac da Linux, kowane gida da mai shi da ƙa'idarsa.

Tushen saɓanin Mac da Windows yana wurin da aka ajiye menu. Tun Macintosh ta farko a 1984, menu yana saman allo baki ɗaya, ba a jikin taga ba. Taga a can tana wakiltar takarda ce, ita kuma manhaja tamkar teburin da aka baza takardun a kai. In ka ɗauke takarda ta ƙarshe, tebur yana nan, kuma menu yana nan da za ka ce a ba ka sabuwa. Windows ta bi wata hanya: kowace taga tana ɗauke da menunta a jikinta. To idan taga ta ƙarshe ta tafi, ina za ka danna? Babu. Manhajar da ta ci gaba da aiki a wannan hali ta zama ɓoyayya, tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da mai ita ya iya kai hannu gare ta ba. Shi ya sa al'adar can ta zama rufe taga ta ƙarshe shi ne fita. Yawancin teburan Linux, wato tsare-tsaren da ke shirya fuskar allo da tagogi a can, ma haka suka ɗauka.

Wanda ya taɓa leƙa cikin manhajar da aka gina da Electron, wato ginshiƙin da editan VS Code ke tsaye a kai tun fitowarsa a 2015, ya ga wannan tarihin na shekaru arba'in a dunƙule cikin layi biyu ko uku. Akwai wurin da manhajar ke sauraron labarin cewa an rufe dukkan tagogi, sai ta duba: idan sunan dandalin ba darwin ba ne, a fita. Darwin shi ne sunan zuciyar macOS. Can ƙasa kaɗan kuma akwai wani sharaɗin: idan an danna tambari a Dock alhali babu taga, a ƙirƙiro sabuwa. Kusan duk mai koyon Electron da waɗannan layukan yake farawa, da yawa ba tare da sun tsaya sun tambayi dalili ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce ɗan bambancin sabo ne kawai. Inda yake cizo shi ne rubutun da ba a adana ba.

Editocin zamani irin su Sublime Text da VS Code suna da wata dabara: in ka fita daga manhajar, ba sa tsare ka da tambayar ko za ka adana. Sukan ɓoye rubutun a wani wuri nasu, gobe in ka buɗe ka tarar da komai yadda ka bari, har shafin da ba ka sa wa suna ba. Dabara ce mai kyau, kuma ta ceci aikin mutane da yawa. Sai dai ta rataya ne a kan kalma ɗaya, wato fita, kuma mun riga mun ga kalmar ba ta da ma'ana ɗaya. A VS Code, saitin da ke kula da wannan sunansa files.hotExit, kuma yadda yake zuwa tun asali, rufe taga ta ƙarshe a Windows ko Linux ana lissafa shi fita ne, don haka rubutunka zai ɓoyu shiru. A Mac, rufe taga ta ƙarshe rufe taga ne kurum. Akwatin tambaya zai fito, kuma idan hannunka ya riga hankalinka ka danna kada a adana, shi ke nan. Sai da Cmd+Q ne dabarar ke aiki a can.

Ko a cikin Windows ɗin ma akwai rami. Ɗauki mutum mai tagogi uku a buɗe: ɗaya ta aikin da yake kai, ɗaya ta wani tsohon aiki da yake kwafo abu daga ciki, ɗaya kuma ta 'yan rubuce-rubucen tunatarwa. Dare ya yi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Alt+F4. A ganinsa ya kashe edita ne. A ganin editan kuwa, an rufe taga ta farko da gangan, an rufe ta biyu da gangan, ta ukun ce kaɗai ta zo daidai da fita. Da safe taga ɗaya za ta dawo. Da ya shiga menu ya zaɓi umarnin fita, da duka ukun sun dawo, kowace da fayilolinta. Motsin hannu kusan iri ɗaya, sakamako daban. Na daɗe ina ganin wannan ne wuri mafi muhimmanci a duk maganar, domin sauran bambance-bambancen ɓacin rai kawai suke jawowa, wannan kuwa yana iya cinye aikin yini.

Sai batun tagogi nawa ya kamata a samu. A tsohuwar Windows akwai tsarin da ake kira MDI: babbar taga uwa guda ɗaya, ƙananan tagogin takardu suna yawo a cikinta, ba sa iya ƙetare iyakarta. Mac ba ta taɓa rungumar wannan ba, domin a can kowace takarda da tagarta mai cin gashin kanta. Shafukan nan da ke jere a saman edita, waɗanda kowa ke kira tab, su suka gaji tsarin uwa da 'ya'ya, kuma suka mamaye ko'ina; har Notepad, wanda ya shafe shekaru da dama yana fayil ɗaya taga ɗaya, ya samu nasa a 2023. Amma tsohon sabo bai mutu ba. Danna fayil sau biyu daga folda: editoci da yawa a Mac sun fi karkata ga buɗe sabuwar taga, a Windows da Linux kuwa su cusa shi cikin wadda ke buɗe. Apple kuma ta ƙara wani hawa a 2016 da macOS Sierra, inda babbar manhajar da kanta take iya haɗa tagogi da yawa su zama tab. Sai ka ga edita da layin tab biyu, na sama na tagogi ne, na ƙasa na fayiloli. Saitin window.nativeTabs na VS Code don wannan aka yi shi, kuma ba ya aiki a ko'ina sai a Mac.

Yawan tagogin ma ba nauyinsa ɗaya ba, saboda hanyar zagayawa tsakaninsu ta bambanta. Alt+Tab a Windows taga-taga yake bi, ko ta wace manhaja ce. Cmd+Tab a Mac manhaja-manhaja yake bi. In kana son tsallakawa tsakanin tagogin edita ɗaya, sai Cmd da maɓallin da ke saman Tab. Tagar da ka sauke zuwa Dock kuma Cmd+Tab ba ya ɗago ta. GNOME, ɗaya daga cikin teburan Linux, yadda take zuwa daga masu ita, ta fi kusa da Mac a wannan.

Linux kuwa labarinta daban ne, domin a can babu mai gida ɗaya. Tsarin X, wanda aka fara a MIT a 1984 kuma sigarsa ta 11 ta fito a 1987, an gina shi ne a kan aƙidar samar da kayan aiki ba tare da shimfiɗa doka ba. X yana zana tagogi, amma ba ya yanke hukuncin inda za su zauna ko yadda za a ja su. Wannan aikin wata manhaja ce daban, mai kula da tagogi, kuma kowa yana iya sauya tasa. Abin da edita ke aikawa gare ta roƙo ne: ina son faɗi kaza, tsawo kaza, a wuri kaza. Tana iya amsawa, tana iya yin biris. Masu amfani da masu kula da tagogi irin su i3 ko Sway, inda ake jera tagogi kamar tubali ba tare da wata ta hau kan wata ba, sun san girman da edita ya tuna daga jiya ba shi da wani tasiri. Gurbin da ya samu shi zai cika. Wasu kuma sun saita nasu yadda duk tagar da linzami ya ratsa ta kanta ita ke karɓar rubutu, ko ba a danna ba. Editan da ke adana fayil da zarar an bar tagarsa zai yi ta adanawa a irin wannan tebur duk lokacin da hannu ya goga linzami.

Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008 kuma yanzu GNOME da KDE (wani teburin Linux) suka koma kansa, ya ƙara ɗaure igiyar. A ƙarƙashinsa taga ba ta san inda take a allo ba, kuma ba ta da ikon cewa a kai ta wuri kaza. Mutane kan kai ƙorafi wurin masu edita cewa a da tagarsu tana dawowa daidai inda suka bar ta, a allo na biyu, gefen dama, yanzu kuwa sai ta faɗo tsakiya. Amsar da suke samu ba ta da daɗi amma gaskiya ce: editan ba shi da hanyar tambaya, balle ta umarni. An yi hakan da niyya. A zamanin X11 kowace manhaja tana iya leƙen tagogin wasu, ta saurari abin da ake bugawa a kibod, ta ɗora kanta a kan duk inda ta ga dama. Wayland ya rufe wannan ƙofa, sai iskar da wasu ke jin daɗinta ta tafi tare da ƙurar. Ina ganin rufewar daidai ce, ko da yake wanda ke jan tagarsa zuwa allo na biyu kowace safiya yana da haƙƙin ya gaji.

Har sandar saman taga, mai ɗauke da suna da maɓallan rufewa, ba a daidaita kan mai zana ta ba. KDE tana zana wa manhaja idan ta nema. GNOME a kan Wayland tana sa ran manhajar ta zana tata. Editoci da yawa ma sun zaɓi zana tasu a ko'ina, don su cusa menu da akwatin bincike a wurin su rage ɓarnar fili. Farashin shi ne duk abin da babbar manhaja ke bayarwa kyauta sai an sake ƙera shi da hannu. Misali, a Windows 11, wadda ta fito a 2021, in ka tsayar da linzami a kan maɓallin faɗaɗa taga, wani ɗan zane yana fitowa ya ba ka zaɓin raba allo. Editan da ya zana nasa maɓallin dole ya sanar da Windows cewa wannan hoton fa shi ne maɓallin faɗaɗawa, in ba haka ba zanen ba zai fito ba, mai amfani kuma ya rasa dalilin da wannan taga kaɗai ta fita daban.

A nan ya kamata a ɗan ratse a dubi tsofaffin editoci, domin su sun ga zamanin da babu taga kwata-kwata. An fara Emacs a 1976, lokacin da abin da ke gaban mai rubutu allo ne guda na haruffa zalla. Da aka raba wannan allo gida biyu don a ga fayil biyu, sai aka kira kowane yanki window, wato taga. Daga baya da tagogin gaske suka zo, sunan ya riga ya kama wani abu, sai aka kira su frame. Har yau haka yake: C-x 2 (Ctrl+x, sannan 2) yana raba wuri ya ba ka tagar Emacs ta biyu, C-x 5 2 kuma yana buɗe abin da sauran duniya ke kira sabuwar taga. Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, shi ma tagoginsa yankunan ciki ne, kuma tab ɗin da ya samu a siga ta 7 a 2006 ba fayil ɗaya yake riƙewa ba, tsarin yankuna ne sukutum. Sabon shiga yakan ruɗe da wannan, amma akwai darasi a ciki. Yankunan ciki halinsu ɗaya ne a Mac da Windows da Linux, har ta cikin taminal (tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce) zuwa wata kwamfuta mai nisa, domin editan ba ya neman izinin kowa kafin ya raba abin da yake nasa. Da zarar ya nemi taga ta waje, ya shiga hannun mai gida. Emacs ma yana da nasa maganin matsalar taga ta ƙarshe: tun siga ta 23 a 2009 ana iya tayar da shi a ɓoye ba tare da taga ba, wani ɗan umarni mai suna emacsclient ya riƙa buɗe tagogi yana rufewa, fayilolin suna nan a ƙwaƙwalwa. Wato ɗabi'ar Mac ke nan, aka kai ta kowane dandali ga mai so.

Akwai kuma rigimar wa zai zo gaba. Kana cikin taminal, ka ba git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, umarnin ajiye canji, shi kuma ya kira editanka don ka rubuta bayani. Abu biyu ke iya faruwa. Na farko, umarnin da ya kira editan yakan miƙa fayil ɗin ga editan da ya riga ya buɗe, ya koma nan take, sai git ya ɗauka ka gama alhali ko harafi ba ka rubuta ba. Don haka ne ake ƙara --wait ga code (umarnin kiran VS Code), ko -w ga subl (na Sublime Text), don umarnin ya jira sai ka rufe fayil ɗin. Na biyu, fayil ɗin ya buɗe amma tagar ta ƙi zuwa gaba. Windows tana da sharuɗɗa kan manhajar da za ta iya ƙwace gaba, in ba a cika su ba sai dai tambarinta ya yi ta walƙiya a sandar ƙasa. A Mac tambari kan yi tsalle a Dock. GNOME kan fito da ɗan saƙo cewa taga ta shirya. A Wayland sai an miƙa wa editan wata shaida daga tagar da kake ciki kafin a yarda ya tsallako. Dalilin duk wannan ɗaya ne, kuma mai ƙarfi ne: ka yi tunanin kana tsakiyar buga kalmar sirri, wata taga ta faɗo gabanka, ragowar haruffan suka zube cikinta. Ga editan rubutu abin ya fi muni, domin duk abin da ya shiga tagarsa rubutu ne, zai zauna cikin fayil.

Ƙananan bambance-bambancen suna da yawa, ba sai an tsaya kan kowanne ba. A manhajojin Mac na asali, dannawar farko a kan tagar da ke baya yawanci tana kawo ta gaba ne kawai, ba ta taɓa abin da ke ciki. A Windows dannawar tana ratsawa, ta matsar da 'yar manuniya, ta warware rubutun da ka zaɓa ka bari. Cika allo a Mac, tun sigar babbar manhajarta mai suna Lion a 2011, yana ɗauke tagar ne ya kai ta wani tebur nata na daban, abin da ya sa Emacs da VS Code duka suka tanadi saitin komawa ga cika allo na gargajiya. Lissafin wuri ma ya saɓa: Cocoa, ginshiƙin manhajojin Mac, daga kusurwar hagu ta ƙasa take fara ƙirga, Windows da X daga ta sama. Idan kuma edita ya tuna wurin da tagarsa take a allo na biyu, aka cire allon, yana iya buɗewa a wurin da ido ba ya gani. A Windows, maɓallin Windows da Shift da kibiya sukan jawo ta.

Masu ƙera editoci sun kasu biyu kan abin yi. Wasu na cewa edita ya zama iri ɗaya a ko'ina, domin mutum ɗaya yana iya aiki da Mac da rana, Linux da dare, kuma hannunsa ba ya son koyon abu biyu. Wasu na cewa in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura: mai Mac yana da manhajoji ashirin da ke bin ƙa'ida ɗaya, ba zai yafe wa ta ashirin da ɗaya da ta fita zakka ba. Ni ina tare da na biyun a kan duk abin da ya shafi wajen taga, wato rufewa, cika allo, zuwa gaba, wurin maɓallai. Yatsun mutum sun koyi waɗannan ne daga kwamfutar gaba ɗaya, ba daga edita ba. A cikin taga kuwa, raba yankuna da jeren tab da yadda ake tsallakawa tsakaninsu, ina tare da na farkon, kuma Vim da Emacs sun nuna hakan yana yiwuwa shekaru da dama.

Inda ban yarda a bi al'adar kowane gida ba shi ne rubutun da ba a adana ba. Bai kamata tsirar sakin layi uku da mutum ya rubuta ta dogara da ko ya fita ta jan ɗigo, ko ta Alt+F4, ko ta menu, ko kuma wace taga ce ta zo ƙarshe a layi ba. VS Code yana da zaɓin onExitAndWindowClose a wancan saitin, wanda ke sa tagar da aka buɗe folda a cikinta ta riƙe rubutunta ko da ita kaɗai aka rufe, sai ranar da aka sake buɗe foldar. Duk lokacin da na zauna gaban sabuwar kwamfuta, kafin in amince wa edita da aikin gaske, nakan buɗe tagogi biyu, in rubuta layi ɗaya a kowace ba tare da adanawa ba, in rufe su ɗaya bayan ɗaya, in sake buɗewa in ga abin da ya dawo. Sannan in maimaita, wannan karon ta umarnin fita.